Tsattsewa Biyu a Watan Janairu

A shekarar da aka sallame ni daga aiki na koyi ƙirga tsuntsaye. Injiniyan hanyoyi da magudanan ruwa ne ni, a wani kamfani da ke yi wa hukumar gari aiki a Manchester. Gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, gyaran hanya ya tsaya sai wanda ya zama dole, kamfani ya riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya cikin wani ɗaki mai ɗumi. Aka ba ni shayi, aka yaba ƙwazona, aka nuna mini ƙofa. Ban taɓa ganin mutanen da suka iya korar mutum cikin ladabi irin waɗannan ba. Na fito rungume da kwali ina ta cewa na gode, sai ka ce kyauta aka yi mini.

A Withington muke zaune lokacin, cikin jerin gidajen jan bulo da ke manne da juna. Matata likita ce, takan fita tun gari bai waye sosai ba, yara su tafi makaranta, ni kuma in zauna da wanke-wanke da takardun neman aiki. Na daina zuwa taron 'yan gida na ƙarshen wata, don na gaji da tambayar "ya aiki?" da kuma amsar da nake bayarwa. Mafi yawan yini a tagar ɗakin sama ta baya nake yin sa, ina kallon ruwan sama yana sauka a kan rufin mutane.

Maƙwabcinmu na hannun dama Bature ne, ya kusa shekara sittin. Tsohon makanikin bas ne, hayaƙin gareji da na taba sun cinye masa huhu, har aiki ya gagare shi. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a Birmingham. A cikin gidanmu Dattijo muke ce masa, a gabansa kuma Baba nake kiran sa. Da farko ya yi dariya, ya ce bai tuna ya haife ni ba, daga baya ya saba. A ƙarshen lambunsa na bayan gida akwai wani shingen ganye mai kauri, ya fi ni tsawo, kuma cikinsa gari guda ne na gwara. Da safe in suka fara surutu sai ka rantse rabon gado ake yi.

Wata Asabar a ƙarshen Janairu ya ƙwanƙwasa katangar katakon da ke tsakaninmu da sandarsa.

"Ina ganin ka a taga kullum ba ka yin komai," in ji shi. "Idona ruwa yake yi a sanyin nan. Zo ka ara mini naka na awa ɗaya."

Na ji haushin maganar, don gaskiya ce. Na saka riguna uku na tsallaka. A kicin ɗinsa ya bayyana mini abin da ake ciki. Wata ƙungiyar masu kula da tsuntsaye ce ke roƙon mutane, sau ɗaya a shekara a tsakiyar sanyi, kowa ya zauna awa ɗaya ya ƙirga tsuntsayen lambunsa ya aika musu. Ba biya ake yi ba. Da abin da dubban mutane suka aika ake gane wanne tsuntsu ke ƙaruwa, wanne ke ƙarewa. Ƙa'idojin ba su da yawa. Wanda ya sauka kaɗai ake ƙirgawa, ban da mai wucewa ta sama. Kuma adadi mafi yawa da ka gani a lokaci guda shi za ka rubuta, don kada ka ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyar. Ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango da ya sha hannu. Tun shekarar da aka haifi 'yarsa yake rubutawa, shafi ɗaya kowace shekara, kafin ya kwafe a fom.

Na ce masa a garinmu tsuntsu korar sa ake yi daga gero, ko yara su harbe shi da danƙo. Duk magidancin da aka gani ya zauna yana ƙirga gwara, danginsa za su fara neman malamin da zai yi masa rubutu ya sha. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya miƙo mini madubin hangen nesa ya duba agogo.

Na ga wani ɗan ƙarami mai jan ƙirji. Na ga baƙi mai rawayan baki yana tonon ganye. Na ga wasu mitsi-mitsi masu shuɗin kai suna lilo a jikin gwangwanin tsabar da ya rataya. Da gwara suka fito gaba ɗaya na ce sha huɗu.

"Sha ɗaya," in ji shi. "Uku sun zagaya ta baya sun dawo, ka sake ƙirga su."

"Baba, mene ne a cikin uku? Ai suna cikin shingen, ko ba su fito ba."

"Ka gan su?"

"Na ji su."

"Abin da ka gani za ka rubuta."

Ya rubuta sha ɗaya. Na koma gida hannuwana sun ƙage da sanyi, ina ƙunƙuni a kan taurin kan tsofaffin Turawa. Amma ba zan ɓoye ba, wata huɗu ke nan rabon da wani ya buƙace ni a kan wani abu da ya wuce ɗauko yara daga makaranta. Na ji daɗin awar nan har cikin raina. Shekara ta zagayo muka sake, ta ƙara zagayowa muka sake. A ta ukun ni na gyara masa ƙirga, ya dube ni ta saman tabarau ya ce na fara zama mutum.

Sai aka kawo dokar ɗakin da ya yi rara. Gidansa na wata ƙungiyar gidajen haya ne, gwamnati ke tallafa masa da haya saboda rashin lafiya. Doka ta ce duk mai ɗakin kwanan da ba kowa a ciki, a rage masa tallafi, ko ya koma ƙaramin gida. Ɗakin 'yarsa ne, keken ɗinkin matarsa na ciki. Ƙaramin gidan da ake cewa ya koma kuwa babu shi, layin masu jira ya fi ƙarfin kwanan da ya rage masa. Da ya girmi haka da 'yan shekaru, da dokar ba ta hau kansa ba. Ya yi sanyi ɗaya yana kashe na'urar ɗumama gida, yana zama da kwat a falo. Matata ce ta shiga wata rana ta saurari ƙirjinsa, ta fito ranta a ɓace ta kira 'yarsa. Kafin ganye ya fito an kwashe kayansa zuwa Birmingham, wani bene hawa na shida.

Ranar tafiya ya ba ni madubin da littafin hotunan tsuntsaye. Baƙin littafin kuwa ya saka shi a aljihun kwat.

"Tagarka ta sama tana kallon lambuna," ya ce. "Ka riƙa zama mini awar. Zan kira ka ka faɗa mini, in rubuta, in aika. Ba na so shafin ya yanke."

Na ce in Allah ya yarda. Alkawari na yi masa, hannuna cikin nasa.

Ƙungiyar gidajen hayar ta sayar da gidan. Wanda ya saya mutum ne mai fara'a, yana da gidaje da yawa da yake ba ɗaliban jami'a haya. Wata safiya cikin watan Mayu ya zo da mutum biyu da zarto mai inji. Na fita da silifas na ce masa akwai sheƙoƙi a cikin shingen nan. Ya ce ya fahimta, ya kuma ji ba daɗi, amma ɗalibai ba sa askin shinge. Kafin azahar an gama. Aka tuge ciyawa, aka shimfiɗa faifan siminti, aka jera garewanin shara guda huɗu. Gwaran suka yi kwana uku a kan indararo suna ta kuka, daga nan ban sake ganin su ba. Ban kira Dattijo na faɗa masa ba. Na ce sai na sami lokacin da ya dace.

Janairu ta zo ban sami lokacin ba. Na zauna a taga da madubi da agogo, awa ɗaya cif. Kurciyar daji ɗaya ta sauka a kan katanga. Wani mai baƙi da fari, mai kama da hankaka sai dai doguwar jela, ya zo ya yagi ledar shara. Shi ke nan. Na sauko na tarar da matata tana yanka albasa.

"Likita, anjima zai kira. Me zan ce masa?"

"Me kake so ka ce masa? Mutumin da oxygen ne ke riƙe da shi, yana zaune a flat hawa na shida, ko bishiya ba ya gani. Ka ce masa an sare?"

"To ke ba kullum kike faɗa wa patients ɗinki gaskiya ba?"

"Wannan a surgery ne, inda nake duba marasa lafiya. Wannan kuma maƙwabci ne." Ta share ido da bayan hannu. "Ka ce masa suna nan lafiya."

Ba don in ɗora mata laifi na kawo wannan ba. Abin da nake so in ji ta faɗa mini, kuma da ta faɗi akasin haka da na yi mata musu. Haka aka rene mu. Ba a kai wa mara lafiya mummunan labari, ba a kuma jefa wa na nesa shi ta waya kamar dutse. Lokacin da mahaifina ya rasu ina ɗalibi a nan ƙasar, yayana ya kira ya ce jikin Baba ya ɗan matsa, in na sami hali in zo. A lokacin har an dawo daga maƙabarta. Na hau jirgi ina addu'ar samun sauƙi, na ci abincin jirgi, na yi barci. Sai da na ga tabarmi a ƙofar gida na gane. Ban taɓa riƙe yayana da wannan ba. Ya bar ni na iso da ƙafafuna, cikin mutanen da za su riƙe ni. A wurinmu wannan tausayi ne, kuma har yau ban canza ra'ayi ba.

Da waya ta yi ƙara na ce masa gwara tara, mai jan ƙirji ɗaya, masu shuɗin kai biyu. Na haɗa da kurciyar da mai kama da hankakan, don a sami gaskiya a ciki ko yaya. Ina jin ƙarar alƙalaminsa.

"Sun ɗan ragu," ya ce. "Ba mai zuba musu tsaba. Amma suna riƙe da gidansu. Sababbin mutanen suna aske shingen?"

"Suna ƙoƙari, Baba."

Muryarsa ta washe. Ya yi minti ashirin yana ba ni labarin shekarar da ƙanƙara ta rufe lambun har gwiwa. Na ajiye waya ina jin na yi aikin lada.

Shekara ta biyu mai kama da hankakan kaɗai ya zo. Na ce gwara goma, don in nuna masa abin yana farfaɗowa. A lokacin na sami aikin wucin gadi na duba magudanai, wata shida-shida ake sabuntawa, kuma na iya ƙaryar sosai, har da ƙarin bayani nake yi. Na ce ɗaya daga cikin gwaran yana da farin gashi a fiffike.

A shekara ta uku 'yarsa ta turo saƙo tun farkon wata cewa an kwantar da shi a babban asibitin da ke Edgbaston, can Birmingham. Ranar ƙirga aka wuni ana yayyafi. Na zauna awata. Babu abin da ya sauka, ko ɗaya. Garewanin shara huɗu da wani keke mara taya na kalla minti sittin. Da ya kira daga gadon asibiti, da ƙyar nake jin sa, kowace kalma sai ya tsaya ya nemo numfashi. Na ba shi gwara goma sha ɗaya, ya ce madalla, amma muryar ba ta tashi ba. Sai na ji ina so in ba shi wani abu na musamman, kamar yadda ba ka zuwa dubiya hannu rabbana. Littafin hotunan yana buɗe a cinyata. Idona ya faɗa kan tsuntsun da na sani tun ina yaro.

"Baba, yau har da baƙi muka yi. Tsattsewa biyu, sun sauka a kan igiyar shanya."

A Kano tsattsewa ba ta da wata. Kowane lokaci na shekara ka ɗaga kai da yamma a bakin masallaci za ka gan su suna shawagi. Ni kuma duk ilimina na tsuntsayen Ingila na awa ɗaya ne a cikin Janairu, sauran shekara ƙasa nake kallo, ramukan titi da bakin kwalbati. Rubutun da ke ƙasan hoton ma ban karanta ba.

Sai ya ce in kwatanta masa su. Na kwatanta daga hoton, jela mai reshe biyu, jan maƙogwaro, bayan shuɗi mai duhu.

"Ka zo ranar Asabar," ya ce, ya kashe.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, na canza zuwa ƙaramin da ke tsayawa kusa da jami'a. Na riƙo dabino da farfesun kaza da matata ta dafa ba yaji. A hanya har ina jin daɗi, a zatona kewata yake yi. Na same shi a gadon da ke kusa da taga, ya rame, robar iska a hanci. Baƙin littafin yana kan teburin gado. 'Yarsa ta gaishe ni ta fita neman shayi. Na fara jero gaisuwa irin tamu, ya jiki, ya ƙarfin jiki, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ka san inda tsattsewarmu take a watan Janairu?"

Na ce a'a.

"Tana wajenku. Afirka. Ba ta dawowa sai Afrilu." Ya numfasa. "An sare shingen, ko?"

Na dubi ledar da ke hannuna. Na ce an sare.

"Yaushe?"

"Shekarar da ka tashi. Cikin Mayu."

"Da ƙwai a ciki."

"Na yi masa magana, Baba."

 Ya jawo littafin ya buɗe. Ya tambaye ni ko ina zama awar ma kuwa, ko a kicin nake ƙirƙiro su. Wannan tambayar ta ƙona mini rai fiye da komai. Na ce ban taɓa rage minti ɗaya ba. Ya ce to in faɗa masa abin da na gani. Na faɗa. Shekarar farko kurciya ɗaya da mai doguwar jela ɗaya. Ta biyu mai doguwar jela ɗaya. Ta uku babu. Ya ja layi a kan shafuka uku, a hankali, da gefen katin asibiti a matsayin rula. Ya rubuta na gaskiyar a gefe. A shafi na uku ya zana sifili, ya rubuta ranar da yanayin sama, ya tambaye ni ko yayyafi ne ko ruwa sosai.

Na yi ƙoƙarin in fahimtar da shi. Na ba shi labarin mahaifina da yayana da jirgi da tabarmi. Na ce a wurinmu wanda kake ƙauna shi kake ɓoye wa. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"Mahaifinka ya riga ya mutu lokacin," ya ce. "Ni ina nan." Ya jira numfashi. "Sun ɗauke gidan, ba wanda ya tambaye ni komai. Abu ɗaya ya rage da ake tambayata a ƙasar nan, sau ɗaya a shekara. Me ka gani a lambunka. Shekara biyu ina aika musu cewa komai lafiya, da sa hannuna. Saura kaɗan in aika ta uku."

"Tsuntsaye goma ne, Baba, cikin dubbai. Ba wanda zai lura."

"Na sani," ya ce. "Zan rubuta musu su cire."

Ya rufe littafin. Ya ce ya gode da na zo, hanya da nisa. Ya ce in gaida likita da yara. Irin ladabin ɗakin da aka sallame ni daga aiki ne, na gane shi nan take. Na ajiye dabinon da farfesun a kan kabad na fito. A bakin ƙofar ɗakin na haɗu da 'yarsa riƙe da kofi uku na shayi, na ce mata jirgina ya kusa.

A tasha na tsaya ina tafasa. Shekara uku ina zama a tagar nan cikin sanyi saboda shi. Matata ce ta gano ciwon ƙirjinsa ya tsananta. Ni na ɗauki keken ɗinkin matarsa a kafaɗa na sauko da shi daga bene. Na ba shi abu mafi kyau da aka koya mini in ba mara lafiya, ya dube shi kamar na zuba masa ƙasa a abinci. A cikin jirgi kuma, wajen rabin hanya, wani tunani ya zo ya zauna mini wanda ban so ba. Tun Mayun farko da na kira shi, da ya yi baƙin cikinsa lokacin yana da sauran ƙarfin yin sa. Ni ne ban so in ji muryarsa a lokacin da zai ji labarin. Har yanzu ban san nawa ne tausayinsa a cikin abin da na yi, nawa ne kuma tausayin kaina ba.

An sallame shi daga asibiti bayan mako biyu. Na kira sau uku cikin shekarar, kullum 'yarsa ke ɗauka, ta ce yana hutawa. Da Janairu ta zagayo na zauna awata, na rubuta abin da na gani a bayan ambulan ɗin wasiƙa, kurciya biyu, na ajiye waya kusa da ni. Har magariba ba ta yi ƙara ba. Washegari na kira. 'Yar ta ɗauka, na ji ta rufe wata ƙofa, sannan ta ce mahaifinta ya ce a gode mini, amma ya rufe littafin, kada in ƙara wahalar da kaina. Ya rasu kafin Janairu ta gaba. A katin da 'yarsa ta aiko na ji, bayan an yi jana'iza da mako uku.

Waɗanda suka rubuta dokar bai san fuskarsu ba, balle ya yi fushi da su ido da ido. Wanda ya sayi gidan ma bai taɓa haɗuwa da shi ba. Ni ne na kusa, ni ya daina yi wa magana. Mai gidan kuwa yana nan, ya ƙara sayen na hannun hagu. In ya zo duba ɗalibansa yakan ɗaga mini hannu daga cikin mota, ni ma in ɗaga masa.